Wayifai a Ɗakin Buhunan Albasa

Idan aka ce kira ɗaya tak ya rage maka a duniya, wa za ka kira? Attahiru bai tsaya dogon tunani ba. Tun ranar da aka tare babur ɗinsa a hanyar Tozai, aka ɗaure masa idanu, aka kulle shi a wannan ɗaki mai warin buhunan albasa, sunan Halliru yake maimaitawa.

Tare suka gama jami'a, tare suka dawo Illela ba aiki, tare suka koyi saita na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam, irin mai farantin nan da ake naɗewa a saka cikin jaka. Halliru na yawo da tasa ƙauyuka ranakun kasuwa yana sayar da wayifai, shi kuma Attahiru yana girka wa mutane a gidaje. Aikin Tozai ɗin ma Halliru ne ya samo masa.

Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Ta nan yake gane rana ta fito, ta nan yake gane lokacin salla. Mutanen da suka kama shi sun ƙwace wayarsa, sun cire layin tun a hanya. Abu ɗaya dai ya gode wa Allah a kai: tuwon da ake turo masa ba yaji, shi da ke fama da gyambon ciki.

Da hantsi ya ji mai tsaronsa yana faɗa a waje.

"Kai, jaye shi daga ƙarƙashin icce! Oga ya ce farantin ba ya son inuwa, sararin sama yake so."

Wani daɗi ya ratsa Attahiru. Ashe suna da na'urar. Dole, a dajin nan ba sabis ɗin Najeriya, na Nijar ma sai an hau tudu.

Nan take ya tsara komai. Za su sa shi ya kira gida ta bidiyo don a ga yana raye. Da zarar wayarsa ta hau wayifai ɗinsu, manhajar saiti da ke ciki za ta nuna masa lambar na'urar. Zai ɗauki hotonta ya tura wa Halliru. Kowace na'ura da sunan wani aka yi mata rajista, kuma Halliru ya san ofishin da zai kai lambar. Minti ɗaya ya ishe shi.

Ƙofa ta buɗe. Mai tsaron, fuska a naɗe da rawani, ya jefo masa wayar.

"Ungo, ɗan boko. Kunna ta, ka gyara fuska, kar tsohuwarka ta ce ba mu ciyar da kai."

"Sai da fasiwod, maigida."

"Mi?"

"Kalmar sirrin wayifai."

"To, ka ji iyayi. Oga ya ce ba a faɗa maka, ni zan sa da hannuna. Bari in tambayo."

Ya ja ƙofa, kwaɗo ya yi ƙara.

Attahiru ya kunna wayar, yana ta salati a zuci. Allo ya yi haske. Kafin ya taɓa komai sai ta hau kaɗawa a tafinsa, saƙonni na shigowa bi da bi: na Inna, na ƙanwarsa Safiyya, na Halliru yana cewa ya kwantar da hankalinsa, ana nan ana ƙoƙari.

Ya tsaya cak. Ba layi a wayar. Ba wanda ya sa fasiwod. Kuma shi da bakinsa yake koya wa kwastomomi cewa waya ba ta hawa wayifai da kanta sai wanda ta taɓa shiga.

Takun mai tsaron na dawowa. Attahiru ya jawo saman allon, ya karanta sunan wayifai ɗin, sunan da shi kansa ya rubuta ranar da ya saita wa Halliru na'urarsa: Aminan Juna.