Mai Gadin Gidan Shisha

Da hannunta Dakta Haulat ta buɗe but ɗin mota, Malam Tanko ya saka jakarsa, ɗaya tal, an ɗaure ta da igiya saboda zif ya mutu. Shekara da shekaru yana gadi a Doha, abin da zai koma Funtuwa da shi ke nan. Sai zuba godiya yake yi don za ta kai shi filin jirgi, ita kuwa duk "na gode" ɗaya ji take kamar an sharara mata mari.

Ita ce ta jawo masa, shi kuma bai sani ba.

Gidan shisha ne aka buɗe a ƙasan benen da ke kallon na su Haulat a unguwar Mesaimeer, Tanko ne mai tsaron ƙofa. La'asar na yi hayaƙi mai ƙamshin tuffa zai fara hawowa tagar kicin ɗinta, motoci su toshe layi, samari su yi ta shewa. Haba! Ita da ke yini a asibiti tana duba huhun mutane, a ce a ƙofar gidanta? Ga maigidanta can a tsakiyar teku wajen haƙar gas, sai ya shafe wata bai leƙo ba. Ga 'yarsu Sahadatu, shekara sha shida, kullum ta nan take bi zuwa darasin yamma.

Ranar da yarinyar ta shigo fuska a murtuke ta ce, "Mama, tsohon nan mai gadi ya cika sa ido, wallahi na tsane shi," ranar Haulat ta ce khalas, ya isa haka, an zo wurin. Ta kira baladiya, hukumar da ke kula da shagunan gari. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta bi maƙwabta gida gida, Larabawa da Indiyawa, kowa ya kira. Jami'ai suka zo suka duba, suka ce irin wannan sana'a ba ta zama a tsakiyar gidajen iyalai, suka liƙa takardar rufewa a ƙofa.

Wayyo, daɗin da ta ji ranar! Har shinkafa da kaza ta dafa.

Bayan 'yan kwanaki ta ga Tanko zaune a kan bulo gaban rufaffen shagon, ya cire hula yana fifita da ita. Mai shago ya kwashe kayansa ya koma wani titin 'yan kasuwa, kuma can akwai mai gadinsu. Tanko ya buga nan ya buga can, har Sanaiya, unguwar masana'antu, ya je, kowa ya dubi furfurarsa sai ya ce ba gurbi. Kafil, uban gidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya soke masa biza.

Shago ta so a rufe. Ko kusa ba ta tuna akwai mutum a bakin ƙofar ba, mai mata da 'ya'ya biyar a gida. Mutumin da ke rugowa ya karɓi ledojin cefanenta ya hau da su bene. Mutumin da bai taɓa barin ta wuce ba tare da "Hajiya Likita, ya gida, ya Sahadatu, ta dawo kuwa?" ba.

A mota yana gefenta yana ta hira.

"Duk wanda ya kai ƙarar nan na yafe masa, Hajiya," in ji shi. "Wataƙila mai yara ne. Ni kaina ba son hayaƙin nake ba, neman abinci ne."

Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ta, ta ƙura wa titi ido. Ta ƙudura a ranta ba zai hau jirgin nan ba sai ta faɗa masa gaskiya, ko da zai tsine mata.

A filin jirgi ta tsaya a ƙofar masu tafiya. Ya sauke jakarsa. Ta fito ta tare shi.

"Malam Tanko, akwai maganar da..."

"Ni ma akwai, Hajiya, bari in riga ki. Nauyinki ne ya hana ni tuntuni, amma in na tafi da ita Allah zai tambaye ni." Ya sunkuyar da kai. "Mai gadin sabon wurin nan na san shi, ba ruwansa da duba katin shaidar kowa ya ga shekarunsa. Don Allah ki kula da Sahadatu. Tun da aka buɗe shagon nan na layinku ba makon da ba ta zo da ƙawayenta za su shiga ba, ni ne nake tare ƙofa ina kora ta gida."