Turke na Uku

'Yar motar igiyar ta sake faɗowa a daidai turke na uku cikin turakun da ke riƙe da igiyar. Reto ya tsince ta daga cikin itatuwan roba, ya hure ƙura, ya ƙirga 'yan mutum-mutumin da ke ciki. Shida, har da mai jar hula. Ya yi ajiyar zuciya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan fama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya gina ƙauyensu kaf a kan teburi: layin dogo, coci, dutse, da motar da ke lilo a jikin igiya tana kai mutane can ƙololuwa. Jiragen ƙasan ba sa ba shi matsala. Motar ce dai, da zarar ya kunna na'urar busar da gashi ta matarsa ya hura mata iska daga kudu, sai igiyar ta zame daga kan tayar da ke saman turken.

Babu abin da bai gwada ba. Ya sauya taya, ya ƙara dalma a gindin motar, ya ɗaure igiyar tam, ya sassauta ta. Mutum ne mai taurin kai na ban haushi, kuma abin yana cin ransa har ya rame.

"Tsoho, miyar sha'ir ɗinka ta huce," in ji matarsa Ursina daga bakin matakala. Ba ta taɓa saukowa ɗakin ba.

Ran Asabar da hantsi sai ga Balz, likitan haƙori da ya yi ritaya ya tare a ƙauyen bara. Shi ma gwanin 'yan jiragen nan ne, ga surutu kamar rediyo. Reto bai gayyace shi ba, amma ina, har ya riga ya cire kwat.

"Kunna mu gani, malam."

Reto ya kunna. Iska ta taso, mota ta yi lilo, ta faɗo.

Balz ya kwashe da dariya. "Haba dattijo! Kana ta kashe kanka a kan taya, ai laifin ba nata ba ne. Gudu ya yi yawa. In iska ta taso rage gudu ake yi, ba sai an gaya wa mutum ba."

"Bar shi haka nan," in ji Reto.

Balz bai ji ba. Ya mayar da motar kan igiya, ya murɗa maɓallin gudu zuwa rabi, ya ɗauki na'urar ya hura iska iya ƙarfinta. Motar ta yi tangaɗi, ta doshi turke na uku, ta wuce shi sumul. Ya maimaita har sau biyar. Ko sau ɗaya ba ta faɗo ba.

"Ka gani? Shekara goma sha ɗaya, ni kuwa minti biyu!"

A saman matakala kwano ya suɓuce daga hannun Ursina ya fashe.

Reto ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska. Duk shekarun nan abin da yake nema shi ne ya tabbatar babu dabarar da za ta hana motar faɗowa, shi ya sa bai taɓa kai hannu ga wannan maɓallin ba. Domin ranar da motar gaske ta faɗo a turke na uku da mutum shida, har da 'yarsu Ladina mai jar hula, shi ne yake riƙe da maɓallin gudu.