Robar da Direba Ya Bari a Aljihu

Shekara biyu ke nan da cire wa wani direban motar haya mafitsara saboda ciwon daji. Tun daga lokacin, fitsarinsa a wata leda yake taruwa, wadda ake manna masa a gefen ciki. Ledar ta ishe shi. Da gumi ya karyo sai gam ya saki, wando ya jiƙe, fasinjan gaba ya kama toshe hanci.

Sai likita ya kawo maganar wani sabon aiki da ake gwadawa. Za a yanki hanjinsa a ɗinka 'yar jaka a cikin ciki, ta riƙa riƙe fitsarin.

"Amma gwaji ne fa," in ji likita. "Duk awa huɗu sai ka zura roba ta cibiya ka zubar. Jakar ba za ta gaya maka ta cika ba."

Matarsa ta gyara zama. "Likita, mai doguwar tafiya fa? In ya wuce..."

"Ke, kin fi shi karatu ne?" direba ya katse ta. "Ina zan sa hannu?"

Likita ya ce ya tafi da takardar gida a karanta masa. Washegari ya mayar da ita da sa hannu, ko shafin farko bai duba ba.

Aiki ya yi kyau, ya koma kan hanya. Makon farko yana tsayawa a kan kari. Sai fasinjoji suka fara: "Malam direba, kwana za mu yi a nan?" Ga banɗakin tasha ba ruwan wanke hannu, ga kunyar a gan shi da roba. Awa huɗu ta koma shida, shida ta koma tara.

"Maigida, ka zubar kuwa?" in ji matarsa.

"Na ce miki ba na jin komai!"

Ran nan da azahar motar ta daki rami, ya ji kamar an soka masa wuƙa. Jakar ce ta fashe, fitsari ya malale a cikinsa.

Da ƙyar aka ceto shi. Aka cire jakar, aka mayar masa da leda. Tuƙi kuma ya ƙare, ƙodarsa ta taɓu.

"Da na san tafiyar awa tara kake yi ba tsayawa, da ban taɓa ka ba," in ji likita.

Direba ya juya fuska bango don takaici.

Jama'a, kafin ku sa hannu a yi muku aiki, ku yi tambaya, ku bar na kusa da ku su yi. Ƙa'idar likita kuma ba a yi mata ragi don kunyar mutane.