Tabon Zoɓo a Rufin Mota

Tunda ka ce sai ka bi wannan 'yar maganar da ke tsakaninka da maƙwabcinka har tushe, zauna tukuna ka ji wani misali.

An yi wani direba a wata tasha, mutum mai tsafta har ta so ta yi masa yawa. Motarsa tsohuwa ce, amma fasinja kan bar sabuwa su jira tasa, don ba a shiga a fito da datti a riga. Wata rana suna tafe da rana tsaka, wata mata a kujerar baya ta buɗe gorar zoɓo da zafi ya kumbura. Zoɓon ya yi tsartuwa sama, ya bugi yadin da aka lulluɓe rufin motar da shi daga ciki. Tabon bai fi tafin hannu ba, amma jawur yake. Matar ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, sai dai har suka iso gida idonsa na kan madubi yana duban wurin. Abin da ya fi damunsa, jibi za a je nema wa ƙanensa aure a wani gari, kuma shi zai ɗauki baffanninsu a wannan motar.

Wani tsohon direba da suke layi ɗaya ya leƙa ya gani, ya ce masa, "Wannan yadin ba irin na kujera ba ne. Da gam aka liƙa shi a jikin wani siririn soso, ba ya son ruwa, ba ya son ƙarfi. Ka jiƙa tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu, ka matse shi sosai, ka riƙa dangwalawa a hankali. Kada ka goga. Ka buɗe ƙofofi a inuwa ya sha iska, in ya bushe ka sake. Abin da ya fita ya fita, abin da ya ƙi ka bar shi."

Direban ya yi yadda aka ce, kuma abin ya yi kyau. Jan ya tafi, sai wani ɗan dishi-dishi da ya rage, wanda sai mutum ya kwantar da kai ya ƙura ido kafin ya gane shi. To, amma shi ya san yana nan. Duk lokacin da ya buɗe mota, can idonsa ke fara zuwa. Washegari ya kasa daurewa. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya kaɗa omo har ya yi kumfa, ya ɗauko burushin da yake wanke tayoyi da shi, ya hau dirza. Tabon ya fita tas. Da wurin ya fara bushewa sai ga shatin ruwa ya zagaye shi, ya fi tabon farko faɗi. Don ya daidaita launin, sai ya bi rufin gaba ɗaya ya jiƙe shi sharkaf, daga gilashin gaba har na baya. Sannan ya ɗage gilasai, ya kai motar tsakiyar rana don ta bushe da wuri. Da yamma ya duba, yadi fes, ba tabo ba shati. Ya kwanta da farin ciki.

Da safe dattawa suka shiga, kowa ya sha farar shadda da sabuwar hula. Suna hawa kwalta babban cikinsu ya sauke gilashi don ya sha iska. Iska na shiga, yadin ya fara kumburo ciki daga tsakiya, don ruwa da zafi sun riga sun cinye gam ɗin. Kafin direban ya rage gudu, yadin ya saki daga baya, ya sauko a kan hulunan dattawa kamar gidan sauro. Soson da ke ƙarƙashi ya ruɓe, ya riƙa zubowa gari-gari, rawaya mai danƙo, a kan kafaɗu da gemu. Wanda ya sa hannu ya kakkaɓe, sai ya ƙara shafa shi a riga. Haka suka ƙarasa, direba na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana tokare da rufi.

A ƙofar gidan surukai suka tsaya suna goge juna, mutanen gidan na zaune a kan tabarma suna jira, suna kawar da kai don kada a ji kunya. Babban baffan ya dubi direban, ya ce, "Kai kuwa me ya sami motarka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Tabo na wanke, Baffa."

Dattijon ya ce, "Wane tabo? Jiya da safe a cikinta ka kai ni asibiti, ban ga komai ba."

An ba su auren, don mutanen kirki ne. Amma yadin bai sake komawa yadda yake ba. Da ƙananan allurai na fil ya bi ya kakkafe shi, kuma duk fasinjan da ya shiga, abin da yake fara gani ke nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.