Ragowar Faifan

Ajin yana saman wani shagon tayoyi, ɗaki ne mai fanka ɗaya da kujerun roba. Nan matuƙan jirgin sama masu zaman kansu suke zuwa sabunta takardunsu. Matuƙin da ke da kamfani, kamfanin ne ke tura shi kwas, ya tsaya masa. Mai zaman kansa kuwa da ƙafarsa yake nemowa, ya rubuta sunansa, ya ja kujera. Ba mai tambayarsa wa ya aiko shi.

Malamar ajin tsohuwar kyaftin ce da ciwon ido ya sauko da ita daga sama. Abu biyu take koyarwa: yadda matuƙi da mataimakinsa za su riƙa sauraron juna, da yadda ake gane kayan haɗari kafin a loda su a jirgi. Mace ce mai haƙuri da raha, ɗalibanta na sonta.

A wannan zagayen wani dattijo ya shigo da 'yar jakarsa ta fata. Ya wuce kujerun gaba, ya zauna can baya, dab da lasifika.

"Baba, kai da jirgin kara ka fara tuƙi ko?" in ji wani matashi. Aji ya kwashe da dariya.

Dattijon ya yi murmushi kawai. In ana hutu, matasa suna hirar filayen da suka sauka da iskar da ta taɓa wahalar da su, shi sai ya tsaya bakin taga yana kallon titi. Bai taɓa sa baki ba, bai kuma rubuta komai.

Sai ranar darasin kayan haɗari ya buɗe baki. Malama ta jera kwalaye a kan tebur tana nuna alamominsu, ya ɗaga hannu.

"Idan aka rubuta wa kwali kayan wasan yara, alhali batura ne fal a ciki, akwai mai buɗewa ya duba?"

Ta ce ba kullum ba.

"In wuta ta tashi a cikin kayan, tana daɗewa kafin hayaƙi ya kai wurin matuƙa? In ya kai, suna iya ganin juna?"

Ta amsa, amma ta lura da wani abu. Duk matuƙin da ta sani, yadda za a kashe wutar yake tambaya. Wannan yadda wutar ke cin jirgi yake son sani.

Da aka tashi ta kira wani abokin aikinta da ke koyar da irin kwas ɗin a wani gari. Tun ba ta gama kwatanta mutumin ba ya katse ta.

"Mai jakar fata? Ya zo nan ma. Da ya ji ba ni da faifan nan, ya tashi ya tafi, ko takardar bai tsaya karɓa ba. Na ji ya zagaya wasu makarantun. Ki yi hattara da shi."

Faifan kuwa yana hannunta. Muryoyin matuƙa biyu ne na wani jirgin kaya da batura suka kama wuta a cikinsa, ya faɗi, ba wanda ya fita. Hukuma ba ta sakin irinsa ga jama'a. Malamai ƙalilan aka yarje wa su kunna shi, ga matuƙa kaɗai, ƙofa a rufe, wayoyi a waje. Ita kuma ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshe ba, don mutunta mamatan.

Me mutum zai yi da sanin yadda kwali ke wuce masu bincike, da yadda jirgi ke mutuwa daki-daki? Ta yi ta juya tambayar. In ta yi shiru, wata rana aka loda irin kwalin nan, da iliminta aka loda shi.

Ranar ƙarshe aka tara wayoyi a kwando. Ita ta ɓoye tata a aljihu, lambar jami'an tsaro tana kan fuskar wayar. Ta rufe ƙofa, ta kunna.

Muryar mataimakin ta fito, muryar saurayi mai ladabi. "Ranka ya daɗe, ina jin ƙauri."

"Kai kullum sai ka ji wani abu," in ji kyaftin ɗin. "Duba gabanka."

Saurayin ya sake faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Aka sake gwale shi. Sai ƙararrawa ta fara kuka, tari ya biyo baya. Malama ta kashe.

Ɗalibai suka ɗauki wayoyinsu suka fita. Dattijon bai fita ba. Ya taso daga bayan aji a hankali, ya rungume jakar a ƙirjinsa, ya tsaya tsakaninta da ƙofa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Malama, akwai saura. Ki kunna."

"Nan nake tsayawa."

"Ki kunna ragowar."

Ta sa hannu a aljihu, yatsanta a kan wayar. A ƙasa injin cire taya ya yi tsit, ba motsin kowa a matakala.

"Baba, nuna mini lasisinka. Wane jirgi kake tuƙawa?"

Ya kalli lasifikar, ya juyo gare ta.

"Ban taɓa shiga jirgi ba, 'yata. An ce mana matuƙa kaɗai ake kunna wa. Uwarsa ce ta ce kada in koma gida sai na ji da kunnena abin da autanmu, mataimakin nan, ya faɗa a ƙarshe."