Rabon Kowace Rana

Kowace safiya, daidai lokacin da maƙwabta ke dawowa daga masallaci, Badaru yakan fito da kujerarsa bakin ƙofa, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya karanta rabon ranar. Da ya so, da ya yi a cikin ɗaki. Amma Badaru ya yi lakwal, makarantar Faransawa, magatakarda ne a biron duwan na Gaya, inda ake karɓar harajin kayan da ke ƙetare iyaka, kuma wanda ya saba kama masu ɓoye kaya ba ya son a ce shi ma yana ɓoye wani abu.

Wani mai suna Gado ne ya kawo masa littafin. Mutumin Jega ne, can ƙasar da Ingilishi ke mulki, mai yawo da littattafan mishan a bayan keke. Keken ya karye a Gaya, Badaru ya sauke shi a gidansa kafin a samo ƙarfen gyara. Ƙarfen ya daɗe bai samu ba, Gado kuwa bai nuna damuwa ba. Baƙo ne mai ladabi. Ya yaba kaifin hankalin maigida, ya yaba girkin matarsa Rabi, har ya tambayi ƙauyensu da sunan mahaifinta. Kafin keken ya tashi, Badaru ya bar salla.

Ranar tafiya Gado ya miƙa masa wata takarda da aka raba littafin dukansa bisa kwanakin shekara. Ba a tsallake rana, ba a ce gobe a rama.

"Kai a nan, ni a Jega, wuri ɗaya za mu riƙa karantawa, lokaci ɗaya," in ji Gado. "Ranar da ka fasa, ɗan'uwa, ka bar ni ni kaɗai ke nan. In shekara ta cika ka zo a yi maka baftisma."

Ba a jima ba Siddo, mahaifin Rabi, ya iso daga Zabori. Bai ɗaga murya ba, dattijo ne. Ya ce malamai sun faɗa masa aure ya warware tun ranar da Badaru ya bar salla, don haka zai tafi da 'yarsa. In Badaru ya dawo hanya kafin ta gama idda, za a sake ɗaura musu aure, kuma ba wanda zai ƙara tayar da maganar.

Rabi ce ta kawo shawara mafi sauƙi. "Malam, ni ban ce ka ƙone shi ba. Ka tura shi ƙarƙashin tabarma kamar yadda maza ke ɓoye taba, ka je masallaci. Wa zai ɗaga tabarmarka?"

Ya gaya mata akwai mai jiransa a Jega kowace safiya. Ta dube shi, sannan ta shiga ɗaure kwanoninta.

Daga nan gidan ya zama wurin karatu mai kyau, babu motsin turmi, babu mai kiran mutum cin abinci. Maƙwabta suka ɗauke shi kafiri. Faransawan biro, da ya zaci za su yi murna, suka ɗauke shi ɗan leƙen asirin Ingilishi, tunda littafin daga can ya fito.

Abin da ya riƙe shi shi ne Hamani, falken goro mai bi ta Jega. Duk zuwansa da saƙo iri ɗaya: Gado yana gaishe shi, ya ce ya daure, kada ya fasa, musamman a 'yan watannin nan. Da farko Hamani yakan ce "ɗan mishan ɗin nan," daga baya ya koma cewa "Malam Gado." Badaru ya ɗauka haske ne ya fara shiga Jega. Da Layya har soyayyen nama aka aiko masa. Ya ci yana tunanin kirkin mutumin da maƙwabta suka ba shi kaɗan ya raba da ɗan'uwansa.

Ranar da iddar Rabi ta cika, rabon karatun ya faɗa kan jerin wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Ya karanta har ƙasa, suna bayan suna, bai tsallake ko ɗaya ba. Bayan 'yan makonni ya ji an ɗaura mata aure da wani baƙo mai rufin asiri. Bai tambayi sunansa ba, kuma a lokacin babu mai yi masa doguwar hira da zai faɗa masa.

Sauran shekarar ya yi ta ne kamar mai shan magani. Wata safiyar ya fahimta, wata safiyar idonsa kawai ke bin layi. Amma da ya tuna akwai mutum ɗaya a duniya da ya buɗe shafin da ya buɗe, sai ya ƙarasa.

Da ya rufe shafin ƙarshe ya nemi izini a biro, ya hau motar kaya. A Jega bai sha wahalar nema ba, kowa ya san gidan Malam Gado, sabon gini mai zaure. Ya isa da azahar, unguwar shiru. Ya yi sallama, ya zauna a zaure da littafin a kan cinyarsa, yana maimaita abin da ya shekara yana jiran faɗa: ɗan'uwa, ban fasa ko rana ɗaya ba.

Aka ɗaga asabari. Matar gidan ta fito da ƙwaryar ruwa, kanta a sunkuye yadda ake yi wa baƙon miji, ta durƙusa da ƙyar saboda tsohon ciki.

"Maigida yana masallaci, yanzu zai dawo," in ji Rabi.