Mai Kitso da Jar Hula

Tunda kin ce gobe za ki shiga kasuwa neman hular kwano, ƙanwata, ajiye makullin babur ɗin nan ki ba ni kunnenki. Ba wai ina sa ran za ki ji ba ne, na gaji da sa rai. Zan faɗa ne kawai don kada wata rana a ce na yi shiru.

An yi wata mai kitso a wani gari, mace mai hannu, wadda in ta kama kan amarya sai dangin ango sun tambayi wa ya yi. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da tsohon babur. Ba ta zauna jiran kowa ba, ta koyi tuƙi a filin makaranta ana yi mata dariya har ta iya, da shi kuma take zagaya ƙauyuka duk inda ake biki. To, kin san mai kitso ba ta da allon talla, kanta shi ne tallarta. In ta shiga gida ta zame ɗankwali, kanta mata ke fara dubawa kafin su miƙa mata nasu. Shi ya sa kullum tana ɗauke da shuku mai tudu, an ƙara masa gashin kanti, an naɗe shi a tsakar ka kamar gammo. Ranar da ta je sayen hula, mai shagon, wani dattijo da ya daɗe yana acaɓa kafin ƙafa ta zaunar da shi, ya dubi kanta ya ɗauko mata daidai ita. Ta saka, soson ciki ya kama mata kumatu, ya danne shukun. Da ta cire ta leƙa madubin babur, sai ta ga aikin yini guda ya kwanta kamar an zauna a kai. Ranta ya ɓaci. Ta nuna wata babba ta maza, ja mai sheƙi, ta zura, hular ta shige har da ɗankwali ba ta taɓa ko silin gashi ba. Dattijon ya ce ta girgiza kai. Ta girgiza, kan ya tsaya, hula ta ci gaba da juyawa. Ya ce, "Hajiya, wannan ba taki ba ce. Hular da ba ta kama ki ba, ranar da kike nemanta ba za ki gan ta ba. Ki koma kitso kwantacce, ki ɗauki ƙaramar." Ta yi dariya ta ce, "Baba, in na kwantar da kitsona, me yarana za su ci?" Kuma fa ba ƙarya ta yi ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Ta ɗauki jar. Igiyar haɓa ma sakwa-sakwa take barinta, don in ta ja ta, hular na sauka kan shukun.

Damina ta wuce lafiya, har ta fara tsokanar dattijon in ta gifta ta ƙofar shagonsa. Sai wata safiya, gari ya yi haske tas, tana kan hanyar gidan biki, ba gudu take ba, akuya ta faɗo titi. Ta taka birki a kan yashi, babur ya zame. Waɗanda suka gani sun ce hular ce ta fara tashi tun matar ba ta kai ƙasa ba, ta yi ta gangarawa kamar ƙwarya har cikin gonar gero. Kan kuwa bakin kwalbati ya samu. A asibiti, abin da aka fara ɗaukowa reza ce. Aka aske shukun nan tas don a samu wurin ɗinki, aka zuba shi a leda aka miƙa wa babbar 'yarta. Ta rayu, Allah bai karɓi ranta ba. Amma hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi, sunan 'ya'yanta ma sai ta yi ta kokawa da shi. Masu biki suka zo dubiya sau ɗaya, suka koma wurin wata, don amarya ba ta jiran mai jinya. Dangi suka rarraba yaran, aka bar mata ƙaramar. Yanzu tana nan zaune a tsakar gida, kan yarinyar ya cukurkuɗe a gabanta, tana kallo, yatsun hagunta na motsi a kan zani kamar masu tsaga, ba abin da za ta iya yi. Hular kuwa mai gonar ya tsinto ta ya kawo har gida, ko ƙwarzane babu a jikinta. Tana bayan murhu, kaza na ƙwai a ciki.

Na ba mata da yawa wannan labari. Kowacce sai ta yi salati, ta share hawaye, ta je kasuwa ta zaɓo wadda ba za ta ɓata mata ɗauri ba. Ke ma tun ɗazu ina ganin hannunki yana shafa naki, kina auna tudunsa. Ba ni da abin da zan ƙara miki. Hausawa sun riga ni faɗa: garin neman gira, aka rasa ido.